IDO BA MUDU BA: Yadda Masana Ke Auna Abin Da Dabba Ta Ci A Daji

Duk wanda ya taɓa turke rago a gida ya san abin da ragonsa ke ci. Shi ya auno dusa da mudu, shi ya sayo harawa dami-dami, in kuwa ragon ya rage wani abu a kwano, da safe zai gani. To, amma saniyar da aka kora daji tun da hantsi, ba ta komo ruga ba sai gab da faɗuwar rana, wa zai iya faɗin abin da ta ci? Wace ciyawa ta ɗiba, wace ta tsallake, kuma kilo nawa ya shiga cikinta?

Mai karatu zai iya zaton wannan tambaya ce ta 'yan boko kawai, amma ba haka ba ne. Ƙidayar dabbobi da aka yi a ƙasar nan a 1990 ta ƙiyasta shanu miliyan 13.9, da awaki miliyan 34.5, da tumaki miliyan 22.1, kuma mafi yawansu da kiwo suke rayuwa. Tun daga dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965, zuwa dokar hana kiwon sake da Jihar Binuwai ta kafa a 2017, har zuwa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da Gwamnatin Tarayya ta ƙirƙiro a 2024, duk shawarar da za a yanke tana komawa ne ga lissafi guda: kadada nawa za ta riƙe shanu nawa, kuma har tsawon wata nawa. In aka kuskure wannan lissafi, dabba za ta rame, makiyayi ya fice daga inda aka ajiye shi, garke ya faɗa gonar da ba a girbe ba. Abin da ke biyo bayan wannan kuwa ba sai an faɗa wa kowa ba.

MA'AUNIN KAN TAKARDA

Hanya mafi sauƙi ita ce ta alƙalami. Masana kiwo na ƙasashe masu zafi sun amince da wata saniya ta lissafi mai nauyin kilo 250, suka ce tana bukatar busasshen abinci kilo 6.25 a kowace rana, watau kashi 2.5 cikin 100 na nauyin jikinta. Galibi akan ɗauki tumaki ko awaki 10 a madadin irin wannan saniya guda. Dalilin cewa busasshe kuwa shi ne, ɗanyar ciyawar damina kashi uku cikin huɗu ko fiye duk ruwa ne, saboda haka sai an busar da ita ƙayau kafin a san ainihin abincin da ke ciki.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar da wannan ma'auni suke aiki. Idan damina ta ƙare, ma'aikatan kiwo kan fita su auna ciyawar da ta tsiro, su haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam, sa'an nan su gwada da bukatar dabbobin ƙasar na kwana 270 na rani, wanda ya kama kusan kilo 1,700 ga kowace saniyar lissafi. Daga nan ake sanin ko shekarar ta rara ce ko ta giɓi, a kuma fara tanadin dusa da ƙwayar auduga tun kafin bazara ta matsa.

Lalle wannan lissafi yana da amfani ga hukuma, amma abin da yake faɗi shi ne abin da ya kamata dabba ta ci. Abin da ta ci a zahiri sai an bi ta daji.

YANKAN CIYAWA DA SIKELI

Hanya ta farko a cikin daji ita ce a tambayi filin kansa. Ana jefa wani firam na ƙarfe mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi a wurare daban-daban, a yanke duk abin da ya faɗo cikinsa, a busar a tanderu, a ɗora a sikeli. Bayan dabbobi sun yi kiwo sai a sake yin haka. Abin da ya ragu tsakanin awo na farko da na biyu shi ake ɗauka cewa sun cinye. Tun da ciyawa ba ta daina tsiro don ana kiwo, akan kife wasu wurare da kejin waya yadda baki ba zai kai ba, domin a san yawan da ta ƙaru a tsakani.

Wannan hanya tana aiki sosai a ƙaramin fili mai shinge wanda aka zuba wa dabbobi da yawa na kwana ɗaya ko biyu. A daji mai faɗi kuwa tana da rauni, domin ba duk ciyawar da ta ɓace ce ta shiga cikin saniya ba. Wata kofato ya tattake, wata gara ta ci, wata fara, wata iska ta kwashe, wata kuma gobarar daji ta lashe. Shi ya sa masu tsara kiwo a yankin Sahel sukan ɗauka cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai na ciyawar da ke tsaye a ƙarshen damina zai amfani dabba. Alal misali, kadadar da ta ba da kilo 1,500, kilo 500 kawai za a sa a lissafi, ke nan saniya guda na bukatar fiye da kadada uku kafin ta ga sabon ruwa.

Har wa yau, sikeli bai san daɗi ba, tauraron ɗan'adam ma haka. Fili yana iya yin kore shar da tafasa ko garmani, hoto ya nuna albarka, alhali shanu na ratsa shi ba su ko sunkuya ba.

BIN GARKE DA AGOGO

Hanya ta biyu ita ce a tambayi dabbar ta hanyar kallonta. Mai bincike kan zaɓi saniya guda a garke ya bi ta wuni sur da agogo da takarda, kowane 'yan mintoci ya rubuta abin da take yi: kiwo, ko tafiya, ko shan ruwa, ko tuƙa, da kuma irin tsiron da bakinta ke kai. Yakan ƙirga loma nawa take fizga a minti guda, sa'an nan ya tsinki ciyawa da hannunsa daidai yadda ya ga ta fizga, ya tara, ya busar, ya auna.

Lissafin kuwa a bayyane yake: tsawon lokacin kiwo, sau yawan loma a minti, sau nauyin loma guda. A ce saniya ta yi awa 8 tana ci, watau minti 480, tana fizgar loma 40 a minti, ta yi loma 19,200 ke nan. In kowace loma ta kai sulusin giram na busasshen abinci, ta ci kilo 6.4.

Irin wannan aiki an yi shi a kudancin Jihar Kaduna cikin shekarun 1980, sa'ad da Cibiyar Kiwon Dabbobi ta Afirka, wadda aka fi sani da ILCA, ta bi garkunan Bunaji na Fulani a Abet da Kurmin Biri. Binciken ya tabbatar da abin da makiyaya suka daɗe da sani, cewa abincin shanu yana juyawa da juyawar shekara: ciyawa da damina, karan dawa da na gero da sauran ragowar gona da kaka, sa'an nan ganyen itatuwa irin su kawo da maɗaci da madobiya idan rani ya tsananta. A yau akwai na'urorin da ake rataya wa dabba a wuya ko a muƙamuƙi, masu ƙirga motsin baki da nuna duk inda ta taka, har cikin dare. Amma nauyin loma har yanzu shi ne wurin da kuskure ke shiga, domin hannun mutum ba harshen saniya ba ne.

TAGA A WUYA

Wannan matsala ce ta sa aka nemi hanyar karɓo lomar daga bakin dabbar kanta. A 1954 wani masani mai suna Torell a Kalifoniya ta Amurka ya bayyana yadda likita zai yi wa tunkiya ƙaramar ƙofa a wuya, daidai hanyar da abinci ke bi zuwa tumbi, a toshe ta da murfi. Idan ana son samfur sai a cire murfin, a ɗaura jaka a ƙarƙashi, a saki dabbar ta yi kiwo na kamar rabin awa. Duk abin da ta haɗiye sai ya faɗa jakar. Bayan haka a mai da murfin ta ci gaba da harkarta.

Abin da aka gani a cikin waɗannan jakunkuna, a ƙasashe da yawa, shi ne babban darasin wannan fanni: dabba tana zaɓe. Ganye take bi ta bar kara, ɗanye take nema ta bar busasshe, tana tsintar gadagi da 'ya'yan gawo a tsakanin ciyawar da ta mutu. Saboda haka abin da ta haɗiye kusan kullum ya fi matsakaicin abin da ke filin sinadarin gina jiki. Wanda ya auna fili kawai bai auna abincin dabba ba.

Sai dai wannan hanya tana da tsada, tana bukatar likita da kulawa ta kullum, yawu yana gauraya da samfurin, kuma abin da dabba ɗaya ta ci cikin rabin awa ba lalle ya wakilci na garke duka a wuni guda ba. Ga kuma batun tausayin dabba, wanda ya sa a yau ba a yin irin wannan tiyata sai da izini na musamman, amfani da ita kuma ya ragu ƙwarai.

KASHI BA YA ƘARYA

Hanyar da masana suka fi dogara da ita wajen sanin yawan abinci ta bayan gida ce. Hujjarta mai sauƙi ce: abin da dabba ta ci, wani ya narke ya shiga jiki, wanda bai narke ba ya fito. In an san yawan da ya fito, aka kuma san kashi nawa cikin 100 ke narkewa, an san abin da ya shiga.

Don sanin yawan kashin, akan ɗaura wa sa ko rago jakar tamfol a baya da ɗamara, a riƙa juye ta safe da yamma har kwanaki. An fi yin haka da maza, domin a mata fitsari yana gauraya da kashin. Da yake jakar tana takura wa dabba, sai aka samo wata dabara: a riƙa ɗura mata wani koren gari na sinadarin kuromiyam wanda ciki ba ya narkarwa, awo guda kowace rana. Bayan kamar mako guda, sa'ad da fitarsa ta daidaita, sai a ɗebi kashi kaɗan a auna yawan garin da ke ciki. A ce ana ba ta giram 10 kullum, aka sami giram 4 a kowane kilo na busasshen kashi, ke nan tana fitar da kilo 2.5 a rana. Yanzu wasu sun koma ga farin garin taitaniyam a madadin koren, saboda gudun illa ga lafiyar ma'aikata.

Sauran rabin lissafin shi ne narkewa. A 1963 Tilley da Terry a Ingila suka fito da hanyar kwaikwayon cikin dabba a kwalba. Ana zuba niƙaƙƙen samfurin abinci cikin ruwan tumbi na awa 48 a ɗumin jiki, sa'an nan a ƙara wasu awa 48 cikin ruwan tsami mai narkarwa irin na ciki, a auna abin da ya rage. To, in an sami kashi 60 cikin 100 ya narke, kilo 2.5 ɗin nan shi ne kashi 40 da ya saura, saniyar ta ci kilo 6.25 ke nan. Amma mai karatu ya lura: in ainihin narkewar kashi 50 ce, abin da ta ci kilo 5 ne kacal. Kuskuren kashi 10 a kwalba ya zama fiye da kilo ɗaya a kowace saniya a kowace rana, a garke mai shanu 100 kuwa ya haura kilo 100.

SHAIDAR DA GANYE KE BARI

Kashi bai tsaya ga faɗin yawa ba, yana kuma tona irin abin da aka ci. Fatar ganyen kowane tsiro tana da nata zane, kuma ba ta narkewa duka. Ƙwararre kan wanke kashi ya shimfiɗa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya gane wannan gutsuren gamba ne, wancan na kyasuwa, wancan na ƙarangiya. Aiki ne mai cin ido da lokaci, kuma tsiro mai taushi da ya narke sosai yakan ɓuya, mai tauri ya bayyana fiye da ƙima.

A 1986 Mayes da abokan aikinsa a Sikotland suka kawo wata hanya. A bayan kowane ganye akwai wani kaki mai hana ruwa zama, a cikinsa akwai sinadaran da ake kira alkan, kowane tsiro da irin haɗinsa. Idan aka ɗura wa dabba wani alkan na masana'anta mai kama da na ganyen, aka gwada yawan biyun a kashi, ana samun yawan abin da ta ci ba tare da an nemi narkewa dabam ba. Hanyar ta yi fice a makiyaya masu tsiro iri biyu ko uku. A dajinmu, inda akuya kan taɓa tsiro iri-iri kafin azahar, warware lissafin yana da wuya.

A 1992 Lyons da Stuth a Jihar Tekzas suka nuna cewa in aka haska busasshen kashi da wani haske da ido ba ya gani, na'ura za ta iya faɗin ƙarfin abincin da dabbar ta ci cikin 'yan mintoci. Sharaɗin shi ne a fara horar da na'urar da ɗaruruwan samfura na yankin da za ta yi aiki, domin wadda ta saba da ciyawar Amurka ba za ta san ta Gumel ko Mambila ba. Na baya-bayan nan kuma shi ne karanta ƙwayoyin gado na tsiro da suka rage a kashi. A 2015 aka buga wani bincike daga Mpala a ƙasar Kenya, inda aka yi amfani da wannan hanya aka rarrabe abincin shanu da na ɓauna da jakin dawa da giwa, aka ga ko masu cin ciyawa ɗaya kowa da irin wadda ya fi so. Wannan hanya ta ƙware wajen faɗin suna, amma ba ta faɗin kilo.

ME AKA ƘARU DA SHI?

Duk wannan wahala ta haifi abubuwan da makiyayi zai iya riƙewa. Na farko, an gane cewa yunwar rani ba ta rashin ciyawa ce kaɗai ba. Ƙwayoyin halittar da ke narkar da abinci a tumbi suna bukatar abinci mai furotin kimanin kashi 7 cikin 100, busasshiyar ciyawar rani kuwa takan faɗi zuwa kashi 2 ko 3. Idan haka ta faru narkewa kan yi jinkiri, tumbi ya cika ya ƙi saukewa, saniya ta kasa ƙara ci ko da tana tsaye cikin ciyawa har gwiwa. Shi ya sa ɗan abin da aka ƙara mata na harawar wake ko ta gyaɗa, ko ƙwayar auduga, ko 'ya'yan gawo, yakan buɗe mata ciki ta ƙara cin ita busasshiyar ciyawar. A kan wannan ilmi ne ILCA ta gina shirin rumbun ciyawa a yankin Kachiya, watau fili mai shinge kamar kadada 4 kusa da ruga, a shuka ciyawar sitailo mai furotin, a riƙa sakin shanu masu tatsa da raunana a ciki na 'yan awoyi da rani.

Na biyu, an gane darajar lokaci. A tashar kiwo ta Tukunus da ke Nijar, cikin shekarun 1990, Augustine Ayantunde da abokan aikinsa sun gwada shanun Azawak masu kiwon rana kawai da masu ƙarawa da kiwon dare, suka auna da jakar kashi da samfurin wuya. Sakamakon ya nuna kiwon dare yana ƙara yawan abin da dabba ke ci. Wannan ya shafi manomi kai tsaye, domin saniyar da aka ɗaure a gona da dare don taki an rage mata lokacin ci, sai dai a rama mata da ƙarin abinci. Ashe tsohuwar yarjejeniyar taki da kara tsakanin manomi da makiyayi tana da farashin da za a iya aunawa, a kuma sasanta a kai.

Na uku, tun da dabba zaɓe take yi, yawon kiwo shi ne yake ba ta damar zaɓen. Duk wanda zai killace ta a wuri guda, wajibi ne ya kawo mata a kwano abin da take tsinta da ƙafarta, kuma ba zai san yawansa ba sai ya auna.

SAURAN AIKI

Babu ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi da ta isa ita kaɗai. Sikeli ya san nauyi bai san zaɓi ba, agogo ya san lokaci bai san nauyin loma ba, kashi yana faɗin gaskiya amma sai an iya tambayarsa. Saboda haka masu bincike na ƙwarai sukan haɗa biyu ko uku, kowace ta tsare kuskuren 'yar'uwarta.

Ƙasar nan ba ta rasa wurin yin wannan aiki ba. Gonar dabbobi ta Shika kusa da Zariya tana nan tun 1928, kuma a 1976 ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da ya dace shi ne, kafin gwamnati ta zana iyakar kowace makiyaya ko ta ƙayyade yawan shanun da za a zuba a ciki, a tura masana su auna ciyawarta da damina da kaka da rani da bazara, su bi garkunan yankin, su ɗebi kashi, a kuma maimaita shekara bayan shekara, domin damina ba ta zuwa iri ɗaya.

Kada kuma a bar makiyayi a bayan shinge. Shi da ya tashi cikin shanu yana duban kwiɓin saniya na hagu da yamma ya san ko ta ƙoshi, yana duban taurin kandilo da sheƙin gashi da abin da ya sauka a ƙwarya ya san ko lokacin tashi ya yi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba, ya san ƙima. Idon makiyayi ya daɗe da sanin ƙimar, mudun masana kuwa shi ne zai sa a rubuta ta a takardar da hukuma za ta yi aiki da ita.